Baƙar Leda a Kwando Mai Lamba Huɗu

Ranar da aka manna wa kwandon sharar Maman 'Yan Biyu jan kati na biyu, ni na fara ganinsa, kuma ni na jawo mata shi. Ina tsaye bayan labulen tagata riƙe da kofin shayi, na ga ma'aikacin shara ya ɗaga murfin, ya zaro wata baƙar leda, ya ɓarka gefenta da ɗan ƙarfen hannunsa ya leƙa. Ya girgiza kai, ya mayar da ita, ya ciro katin daga aljihu ya manna. Mota ta yi gaba ta bar kwandon cike yadda ta same shi. Saura kati ɗaya a kori matar nan da yaranta daga gidan, na kuwa sani sarai. Shayin nan a wurin wanke-wanke ya ƙare.

Gidan haya ne muke ciki, bene mai sassa takwas, kowane sashe ɗaki da falo, kowa da kwandonsa mai lamba. Ni ce lamba uku, ita ce huɗu, ƙofa na kallon ƙofa. Ɗinki take yi a falonta, mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai leƙo gida ba. Ni kuwa aji huɗu nake koyarwa a firamare, shi ya sa kowa a gidan Malama yake ce mini, ni ma kuma ina amsawa da ƙarfi.

Farkon shekara hukumar tsafta ta gari ta aiko da takardar sababbin dokoki. Mai gidan ya tara mu a tsakar gida, ya miƙo mini takardar ya ce ni ce mai muryar karatu. Na gyara tabarau na karanta musu dalla-dalla. Ragowar abinci a tsane ruwansa kafin a ɗaure. Kwalba da gwangwani a ɗauraye su, su shiga buhu dabam. Kwali a ninke a ɗaure da igiya. Fasasshen gilashi da reza da allura a naɗe su da takarda mai kauri a rubuta a jiki, saboda hannun masu kwasa. Kwando ya fito Litinin da Alhamis kafin ƙarfe bakwai. Famfas kuwa, na yaro ne ko na babba, kada ya kuskura ya shiga baƙar leda, domin wuri dabam ake kai shi a ƙone. Akwai rawayar leda tasa, shara-shara, ana hango abin da ke ciki, kuma a ofishin tsafta ake karɓa bayan an rubuta sunan mai amfani da shi da shekarunsa. Duk kwandon da ya saɓa, jan kati. In kwando ɗaya ya ci uku a shekara, mota ta daina tsayawa a gidan gaba ɗaya har wata guda.

Mai gidan ya ce shi ba zai zauna da ɓeraye wata guda saboda ƙazantar mutum ɗaya ba, duk wanda ya ci uku ya ɗaure kayansa. Da na yi shiru a nan da na huta. Ina! Sai da na ɗora musu lacca a kan tarbiyya, na ce a kwandon shara ake gane gidan da mutum ya tashi. Har na ɗauki leda na nuna wa Maman 'Yan Biyu yadda ake ƙulli biyu don kada ya kwance. Ta yi ta godiya.

Wata huɗu bayan haka Baba ya dawo wurina. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hedimasta, rabin magidantan layinmu ta ƙarƙashin hannunsa suka wuce, har da mai gidanmu. An yi masa tiyata, tiyata ta yi kyau in ji likita, amma ta bar shi ba ya iya riƙe fitsari, wani lokacin har da ɗayan. Ranar da na fara canza masa famfas, ya juya fuskarsa bango bai juyo ba har na gama. Ina tattara kaya ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba."

"Kada wanda ya ji wannan. Ko yayyenki."

"Ba mai ji, Baba."

"Alkawari nake so."

Na yi masa alkawari, ina kuka ƙasa-ƙasa. Mutumin da ko tari ya yi a baranda aji shida ke yin tsit, ga shi yana roƙon autarsa.

Kowace yamma sai in goge masa kaya, ya fito da sandarsa ya zauna a kujera bakin ƙofa da jarida. Mai gidan, da tumbinsa da tarin makullansa, sai ya rage tsawo ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ƙarfin jiki?" Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Da sauƙi. Har yanzu kana haɗiye rabin magana in kana gaisuwa." A yi dariya. Wannan zaman na awa ɗaya shi ne abin da ya rage masa, kuma na ƙudura ba wanda zai taɓa shi.

To, amma ina zan kai kayan? Rawayar leda a ƙofar gidan da ba jariri, ai shela ce. A saman bene akwai wata da muke kira Gidan Rediyo, wadda in ta fito da kwandonta sai ta duba na kowa ta san wa ya ci kifi, wa ya sayi sabon takalmi. Duk da haka na daure na je ofishin tsafta sau ɗaya. Na bi layi, na kai gaban tebur, akawun ya jawo littafi ya ce, "Sunan jaririn?" Kafin in buɗe baki ya ɗago kai ya washe haƙora. "A'a! 'Yar Hedimasta ce? Yaya Baba? Ki ce ɗalibinsa yana gaishe shi." Na ce na zo tambaya ne a kan yadda ake ɗaure kwali. Ya yi mini bayani tiryan-tiryan, na yi godiya na fito hannu wofi.

Sai na koma naɗe kowane ɗaya da tsohuwar jarida, in zuba a baƙar leda, in saka a jakar littattafai in kai kwandon makaranta. Mako uku ina haka, sai mai sharar makaranta ta kai ƙara. Shugabarmu ta tayar da maganar a taron malamai, ta ce wani marar kunya yana kawo ƙazantar gidansa. Ni na fi kowa gyaɗa kai, har na ce a sa ido. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as, tun daga ranar ban ƙara ba.

Kwana huɗu kaya suna taruwa a banɗaki. Ranar Litinin da sassafe na ji Maman 'Yan Biyu ta jawo kwandonta waje, ta koma yi wa yara wanka kamar kullum. Na tsaya da ledar a hannu, shaiɗan ya yi mini lissafi mai daɗi: gidan da ke da tagwaye, wa zai yi mamakin famfas a kwandonsa? Na fara gwada kwance rawayar ledarta in cusa nawa a ciki. Ƙullin ya ƙi, ƙulli biyu ne, irin wanda na koya mata. Na ji motsi a saman bene, na tura baƙar ledar ƙasan kwandon na rufe na dawo ɗaki.

Ran nan ledar ta sha, ba a gano ta ba. Alhamis ma ta sha. A na uku aka kama, kati na farko ya hau. A jiki an rubuta, "Famfas a baƙar leda." Na ga ta karanta, ta ja kwandon zuwa bayan gida. Na gaya wa kaina cewa ba mai hankalin da zai tsaya warware jarida mai wari, juyewa kawai za ta yi a rawayar leda ta ɗauka mantuwa ce ta mai jego. Na kuma gaya wa kaina kati ɗaya ba ya kashe mutum. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Na yi hutun mako biyu, banɗaki ya sake cika, har Baba ya fara tambaya ko lambatu ne ya toshe. Na sake yi. Ranar ce na tsaya bayan labule da kofin shayi.

Mai gidan ya zo da hantsi, tun daga ƙofar waje ake jin muryarsa. "Biyu ke nan! Ke kaɗai a gidan nan! An karanta miki, an nuna miki da hannu, me kike so kuma?"

"Wallahi ba ni na sa ba," in ji ta.

"Aljanu ne? Su waye da jarirai a gidan nan in ba ke ba?"

Ya ce saura ɗaya, kuma kada ta ce bai faɗa ba.

Da yamma ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ɗa ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, da takardar da ta yago daga littafin awon ɗinkinta. Baba yana ciki yana hutawa. Ta zauna a bakin kujera ta ce, "Malama, taimako na zo nema. Ki rubuta mini takarda zuwa ofishin nan. Ke kin san yadda ake tsara musu magana."

Na ɗauko biro. Hannuna bai yi rawa ba, abin da har yau yake ba ni tsoron kaina ke nan.

"Ki ce ba ni na sa ba," ta ce. "Ki ce wanda ya sa, wataƙila yana da dalilinsa, ban ce mugu ba ne. Amma ni ba ni da inda zan je da yaran nan. Masu kawo mini ɗinki nan suka sani. Babansu kuma yana hanya."

Ta kafa mini ido. Yaron da ke kafaɗarta yana jan ɗankunnenta, ba ta ko cire masa hannu ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan takarda na ce maganar dalili ba ta ofis ba ce, a bar ta. Na tsara mata wasiƙa mai kyau, sakin layi uku, da gaisuwa da rufewa. Na karanta mata, ta ce, "Ta yi. Allah ya saka." Na ce amin da bakina.

Amsa ta zo bayan kwana goma. Sun ce kati yana bin kwandon da aka sami laifin a ciki, ba a cire shi sai in wanda ya zuba ya zo da kansa ya amsa, sannan a mayar da katin kan nasa kwandon. Ni na karanta mata wannan ma.

Daga ranar na tuba. Na sayi babban bokiti mai murfi, duk Asabar in cika jaka biyu in shiga motar haya zuwa babban jujin bayan gari. Nakan zauna kusa da taga ina toshe hanci ina harare-harare, kamar warin daga waje yake shigowa. Na ce a raina shi ke nan, ta tsaya a biyu, shekara za ta ƙare a goge katunan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Har na fara kai wa tagwayen 'yar alewa, ita kuma tana karɓa.

Mako shida aka yi lafiya. Sai zazzaɓi ya kama yaran duka biyu a tare. Kwana uku matar nan ba ta runtsa ba. Kofin gilashi ya suɓuce mata ya fashe, ta share ta zuba a leda ba ta naɗe ba, hankalinta yana kan yara. Ranar Alhamis ma'aikacin shara ya ɗaga ledar, gilashi ya keta safar hannunsa ya yanke shi a yatsa. Wannan karon laifinta ne, ta kuma amsa nan take, tana ba shi haƙuri tana neman tsumma mai tsabta. Ya ce ba komai, amma kati dole ne. Ya manna na uku, ya miƙa wa mai gidan takardar cewa daga Litinin mota ba za ta tsaya ba.

Mai gidan ya ce kowa ya fito tsakar gida ƙarfe biyar.

A makaranta ran nan ban san abin da na koyar ba. Lissafin ba wuya, ko ɗan aji ɗaya zai yi shi: katinta ɗaya ne, biyun nawa ne. In na amsa, ta zauna, mota ta ci gaba da zuwa. In na yi shiru, ƙarshen wata za a fitar da keken ɗinkinta waje. In kuma na amsa, tambaya ta gaba ita ce famfas ɗin wa, kuma na yi alkawari.

Na dawo gida ƙarfe huɗu, na sami Baba zaune a bakin gado yana jiran kayansa na yamma. Na durƙusa a gabansa kamar yadda nake yi ina ƙarama in na fasa wani abu. Na gaya masa komai, ofis da makaranta da kwando mai lamba huɗu, har da wasiƙar. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Sannan ya ce, "Sau nawa?"

"Sau huɗu na zuba. Biyu aka kama."

"Kuma ke kika rubuta mata takardar."

"Ni ce, Baba."

"Da irin rubutun da na koya miki."

Na fashe da kuka na ce, "Kai ka ce kada kowa ya ji."

"Na ce ki rufa mini asiri. Ban ce ki yaye wa 'yar mutane rufin ɗaki ki lulluɓe ni da shi ba."

Na ce to yanzu yaya zan yi. Ya kalli bango, irin kallon ranar farko, ya ce, "Fita ki ja mini ƙofa."

Na fita ban san ko ya sake ni daga alkawarin ba ko yana nan.

Tsakar gida ta cika. Gidan Rediyo ta sauko da kujerarta don kada tsayuwa ta rage mata daɗin kallo. Maman 'Yan Biyu tana jingine da bango, idanunta sun faɗa, yaran suna ɗaki suna barcin magani. Mai gidan ya ɗaga takardar ya ce ba shi da dogon bayani, doka ce kowa ya ji, ga Malama nan ita ta karanta. Ya ba Maman 'Yan Biyu zuwa ƙarshen wata ta tashi. Ya tambaya ko akwai mai magana.

Ita ko dubana ba ta yi ba. Da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Na ji bakina ya ce, "Ni na zuba."

Kowa ya juyo. Na ce katin farko da na biyu nawa ne, ni na sa baƙar leda a kwandonta da sassafe in ta shiga wankan yara. Mai gidan ya saki baki. Gidan Rediyo ce ta yi tambayar, dama wa zai riga ta: "To Malama, famfas ɗin wa? Ke da ba ki da goyo?"

A hanyar fitowa na riga na shirya amsa, ina ganin dabara ce mai fitar da kowa. Na ce, "Nawa ne. Larura gare ni, na daɗe ina ɓoyewa."

Wata ta ce, "Allah sarki." Kunya ta rufe ni, amma can ƙasan zuciyata har na fara jin kaina wata jaruma, 'yar da ta ɗauki kayan ubanta ta aza a ka.

Sai muka ji ƙarar sanda a kan siminti.

Baba ya sa kayansa da kansa, maɓalli ɗaya ya hau ramin da ba nasa ba, rigar ko guga babu. Tafiyar da ba ta wuce taku ashirin ba ta ɗauke shi lokaci mai tsawo. Na tashi zan riƙe shi, ya ɗaga mini hannu. Mai gidan ya jawo kujera da sauri yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai da ba ka fito ba," Baba bai zauna ba.

"Ƙarya take yi," ya ce. "Lafiyarta ƙalau. Nawa ne. Ni nake sakawa, wata biyar ke nan, tun da aka yi mini aiki. Yanzu haka da nake tsaye a gabanku akwai shi a jikina."

Mai gidan ya sunkuyar da kai yana murza makullansa. Gidan Rediyo ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ni na sa ta alkawari," Baba ya ci gaba. "Kullum tana fita da ƙazantata, ban taɓa tambayarta ina take kaiwa ba, domin ba na son in sani. Ita ta zuba, amma da hannuna a ciki." Ya juya wajen mai gidan. "Gobe ka kai mu ofishin nan a motarka. Ta amsa katunanta, ni kuma in rubuta sunana da shekaruna a littafinsu."

"To, ranka ya daɗe."

Sannan ya juya wajen Maman 'Yan Biyu, ya ce, "'Yata, ki yafe mana."

Ta rage tsawo ta ce, "Haba Baba, kai ba ka yi mini komai ba." Ta kama hannunsa ta raka shi har ƙofarmu, ya kuwa yarda ta riƙe shi. Mai gidan ya ninke takardarsa ya ce maganar tashi babu ita. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa idona, ni kuma ina tsaye a tsakiya da tabarau a hannu.

Sai da na kwantar da Baba, sannan na tsallaka na ƙwanƙwasa lamba huɗu. Tana zaune a gaban keke tana zare zaren da ya sarƙe. Yaran suna kwance a katifa, an sa musu jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Na zo da jawabi a shirye, ai malama ce ni. Na fara da cewa na san abin zai zo mata da mamaki.

"Mamakin me?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Cewa ni ce."

Ta ajiye almakashi. "Malama, wa kike zaton yake juye ledar in an bar mini kwando? Ranar katin farko na kai shi bayan gida na warware jaridar. Ɗinki nake yi, na san awo. 'Ya'yana biyu a haɗe ba za su cika wannan ba. Kuma tsoho ɗaya ne a gidan nan."

Na dafa bango. "Tun ranar kin sani?"

"Tun ranar."

"Me ya hana ki faɗa? Da aka ce ki tashi ma?"

"In faɗa in ce me? In tsaya a tsakar gida in ce Baba yana fitsari a kwance? Mutumin da kullum in na wuce sai ya tambayi yara da sunansu? Ko babansu ban gaya wa ba." Ta ja numfashi. "Na ɗauka za ki zo. Da ba ki zo ba, ni na zo. Kina ganin ban san hanyar masu rubuta takarda a bakin ofis ba ne? Na zauna a kujerarki na ce mai yin yana da dalilinsa, don ki samu ƙofar shiga. Rawayar ledar nan ana ba ni ashirin a wata, ba na cinyewa. Da kin ce mini kalma ɗaya, da kullum na haɗa na Baba da na yara na fitar a kwandona, ba mai ji har abada."

Duk wannan faɗi-tashin, da motar haya da juji da tsayuwar Baba a gaban jama'a da maɓalli a karkace, ashe taku uku ne tsakanina da maganinsu, girman kai ya hana ni tsallakawa.

"Ki yafe mini," na ce a ƙarshe.

"Na yafe," ta ce, ta mayar da ƙafarta kan keken. "Sau biyu na juye kayan mahaifinki da hannuna, Malama, bai dame ni ba, uba ne. Wasiƙar ce ta tsaya mini a nan." Ta nuna maƙogwaronta. "In za ki fita ki ja ƙofar a hankali, da ƙyar suka yi barci."